Bunaji a Ma'aunin Zamani: Nazari kan Darajar Fararen Shanu a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Unguwar Tudu, ko Getso, ko Garo, ko wani gari na ƙasar Gwarzo da Kabo, idan aka ce masa saniya, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne farar saniya mai baƙin hanci da baƙaƙen kunnuwa, mai ƙahoni da suka buɗe suka miƙe sama. Ita ce Bunaji, wadda wasu ke kira Yakanaji, jama'a kuma su ce farare. Ita ta yi wa kakanninmu huɗa, ita ta zuba wa gonakinsu taki, nononta aka dama fura da shi, namanta kuma aka yi tsire da kilishi da shi.

Sai dai wanda ke shiga kara a 'yan shekarun nan zai lura da cewa idon mai saye ya karkata. Mai neman san turka yakan wuce Bunaji ya tsaya a kan Bokolo. Mai neman madara kuma hankalinsa na kan 'yan ruwa biyu masu jinin shanun Turai. Wannan nazari yana neman amsar tambaya guda: shin Bunaji ce ta gaza, ko mudun da ake auna ta da shi ne ya sauya? Hujjojin da za su biyo baya sun nuna cewa mudun ne ya sauya, kuma ɗan raunin da ake gani a jikinta, mafi yawansa aikin hannunmu ne.

Siffarta da matsayinta a cikin shanun ƙasa

Bunaji na cikin dangin shanu masu tozo. Gashinta fari ne, amma fatar da ke ƙarƙashinsa baƙa ce. Wannan haɗi yana da amfani babba a ƙasar rana: farin gashi yana mayar da zafi, baƙar fata kuma tana kare jiki daga ƙuna. Ƙafafunta dogaye ne, jikinta bai cika faɗi ba, ƙirar dabbar da aka halitta don tafiya. Bijimin da ya samu kulawa yakan kai kilo 350 zuwa sama da 500, saniya kuma tsakanin kilo 250 da 350.

Ƙidayar dabbobi da aka yi a faɗin Nijeriya a 1990, wadda aka fitar da sakamakonta a 1992, ta nuna akwai shanu kusan miliyan 13.9. Bunaji ce ta ɗauki kaso mafi tsoka, wajen kashi 37 cikin ɗari. Bokoloji na ƙasar Sakkwato, waɗanda ake kira Gudali, sun biyo baya da wajen kashi 32, sai Rahaji, wato jajayen shanu masu zaƙo-zaƙon ƙahoni, da wajen kashi 22. Ragowar sun haɗa da Wadara na Borno, da Kuri na bakin Tafkin Chadi, da Azawak da ke shigowa daga Nijar, da gajerun Muturu na kudu.

Kowane iri yana da ƙasar da ta karɓe shi. Rahaji shanun doguwar tafiya ne, ba su cika yarda da baƙon hannu ba, shi ya sa manomi bai cika ɗaura musu garma ba. Bokolo gajeren ƙaho gare shi, wani ma kamar babu, ga faɗin jiki da fatar wuya mai reto, ga sanyin hali. Bunaji kuwa tsaka-tsaki ce a komai. Ba ta kai Bokolo cika ido ba, ba ta kai Rahaji nisan zango ba, amma babu fagen da za a ce ta faɗi warwas. Wannan tsaka-tsakin ne ya ba ta damar bazuwa daga ƙasar Kano da Katsina har zuwa Filato da gaɓar Binuwai.

Yadda ta samu sarautar garke

Abubuwa uku suka ɗaga Bunaji a yammacin Kano.

Na farko shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin manomi da makiyayi. Da an kawar da amfanin gona, sai Bafillace ya sauka a gonar manomi da garkensa. Shanu su ci karmami da ragowar harawa, su bar taki, manomi kuma ya ba da dawa ko gero. Ƙasar Kano ta daɗe da cikar jama'a, gona ba ta samun hutu, don haka takin shanu shi ne ran ƙasa. Saniyar da ta dace da wannan zama ita ce mai iya rayuwa a kan kara da busasshiyar ciyawa tun daga kaka har faɗuwar ruwa, kuma Bunaji ta iya.

Na biyu shi ne garmar shanu. A ƙarshen shekarun 1920 ne ma'aikatar gona ta Turawan mulkin mallaka ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, ana ba su bashin bijimai biyu da garma. Zamanin gyaɗa da auduga ya ƙara wa abin kasuwa. Bijimin Bunaji ya karɓi wannan aiki domin yana horuwa, yana da sauri a kan kunya, kuma yana jure rana. Daga nan wata dabara ta kafu wadda har gobe ana yin ta: manomi ya sayi 'yan bijimai biyu, ya hore su, ya yi huɗa da jan amalanke da su shekara uku ko huɗu, sannan ya turke su ya sayar, ya sayi wasu ƙanana, rarar kuma ta shiga hidimar gida.

Na uku shi ne juriya. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar Hausa a wajen 1890 ta kusa share garkuna, ta kuma sake dawowa a 1983 kafin a tabbatar da kawar da ita daga duniya a 2011. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 su ma sun yi ɓarna. Duk dabbar da ta tsallake waɗannan masifu ta bar wa 'ya'yanta gadon ƙarfin jiki. Bunajin da muke gani yau tatacciya ce, shekaru aru-aru na yunwa da cuta da ƙishirwa ne suka tace ta. A cikin shanu masu tozo, an san ta da ɗan dama-dama wajen jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, abin da ya ba makiyaya damar kutsawa da ita kudu.

Abin da ya sauya

Sauyi na farko a ƙasa ya faru. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi niyyar kare makiyaya, amma yawan jama'a ya fi ƙarfinta. Gonaki sun cinye burtali da labi, gidaje sun cinye makiyaya. Madatsun ruwa da aka gina a Kano tun zamanin Audu Bako, har zuwa na Challawa da ke Ƙaraye, sun kawo albarkar noman rani, amma sun mayar da fadamun da shanu ke fakewa da rani zuwa lambuna. Karan dawa da harawa da a da ake bar wa shanu kyauta, yanzu ɗaure su ake yi a kai kasuwa. Bunaji mai son ciyawa ce. Bokolo kuwa ya fi ta iya cin ganyen itatuwa da sauran abin da ya samu. Masanin nan Roger Blench, wanda ya yi aiki a ƙidayar 1990, ya rubuta cewa ƙarancin ciyawa ya sa makiyaya da dama a yankunan da ruwa bai wadata ba sun riƙa sauya garkunansu daga Bunaji zuwa Bokoloji.

Sauyi na biyu shi ne bunƙasar kiwon turka. A da, saniya dukiya ce da ake ajiyewa, ba a fitar da ita sai lalura ta taso. Yanzu kuwa ɗan kasuwa da malamin makaranta da matar aure duk suna sayen sa don su turke shi wata uku zuwa shida, su fitar da shi gab da Sallah, lokacin da 'yan watanda da masu layya ke nema. Mai irin wannan kiwo bai damu da nisan da sa zai iya takawa ba, domin daga turke sai mota. Abin da yake so shi ne dabbar da za ta tsaya lafiya a ɗan garken bayan gida, yaro ko mace su iya ba ta dusa ba tare da fargabar ƙaho ba, ta kuma mayar da abin da ta ci tsoka da wuri. A wannan fage Bokolo ya fi.

Sauyi na uku shi ne hanyar kai shanu kudu. Fatake a da da ƙafa suke kora shanu, daga baya jirgin ƙasa ya karɓa, yanzu kuma tirela ce ke lodi daga Wudil ranar Juma'a, da Dambatta ranar Lahadi, da Maigatari ranar Alhamis. A cikin tirela, dogon ƙaho cin wuri ne kuma sanadin rauni. Dogayen ƙafafun da suka kai Bunaji Ikko a ƙasa ba su da sauran farashi a wurin mai lodi.

Sauyi na huɗu shi ne tsaro. Satar shanu da ta addabi Zamfara da Katsina, waɗanda Gwarzo ke maƙwabtaka da ɗayarsu, ta sa ajiye babban garke a daji ya zama kasada. Mutane da yawa sun gwammace 'yan ƙalilan a gida, inda ido ke kai. Wanda zai riƙe biyu kacal kuwa, masu nauyi zai nema.

A bakin turke da cikin kara

Wanda ya tsaya kusa da dillali yana duba sa zai fahimci yadda mudun ya ƙanƙance. Yakan fara zagaya shi, ya tsaya ta baya ya dubi faɗin ƙugu da cikar cinya. Sai ya kama tozo ya girgiza, ya ji ko ya cika ya yi tauri. Ya sa yatsu a gindin wutsiya ya latsa, domin nan kitse ke fara taruwa. Ya shafa haƙarƙari, ya buɗe baki ya ƙirga haƙora. Daga nan sai taye, mai sa ya ce albarka, a ja a ja har a kai ga sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa. A duk wannan bincike babu inda ake tambayar kadada nawa san ya huɗe, ko sau nawa ya kwanta ciwo, ko uwarsa 'ya'ya nawa ta raya. Kuma babu sikeli. Ido ne alƙali, ido kuwa abin da ya cika shi yake bi. Bokolo mai gajerun ƙafafu da tarin fata yakan fi nauyinsa kwarjini, Bunaji mai tsayi kuma takan ɓoye nata naman a cikin dogon jiki.

Hausawa na yi wa saniya kirari da nagge daɗi goma. Kara kuwa daɗi ɗaya take saye, wato naman ranar ciniki. Idan aka dawo da sauran taran cikin lissafi, hukuncin yakan sauya.

Ta fuskar nama, idan aka turke bijimin Bunaji a kan dusar masara da kowar wake da harawar gyaɗa da ɗan ƙulin angurya, ga kanwa da ruwa wadatacce, yana yin ƙiba mai kyau. Bayan fiɗa, naman da ake samu yakan kai wajen rabin nauyinsa yana raye, kamar sauran shanunmu masu tozo. Namansa ba ya cika kitse, irin wanda mai kilishi ke so domin ya shanyu ya bushe ba tare da ya yi ɗoyi ba. Bijimin da ya gama shekarun huɗa kuma ya riga ya gina ƙashi da tsoka, abin da ya rage wa turka shi ne ta cike gurbi.

Ta fuskar aiki, cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da tsadar man dizal sun sa hayar tarakta ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Gonakin ƙasar Gwarzo da Kabo ma yawancinsu ƙanana ne, rabon gado ya daddatsa su. Mai bijimai biyu yakan huɗe tasa a kan lokaci, ya yi wa maƙwabta a biya shi, da rani kuma ya yi jigilar taki da ƙasa da amfanin gona a amalanke. Ga tsadar takin zamani ta mayar da kashin shanu abin nema.

Ta fuskar lafiya, Bunaji ba ta fi ƙarfin ciwon huhu ko hanta ko kirci ba, tana bukatar rigakafi da magani kamar kowace dabba. Amma ta fi shanun waje da 'ya'yansu jure kaska da zafi da ƙarancin abinci nesa ba kusa ba. Abin da ba a kashe wajen magani ba shi ma riba ne, ko da yake ba a ganinsa a tafin hannu.

Batun 'yan ruwa biyu

Gonar shanu ta Shika da ke kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1928, ta kuma zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, ta shafe shekaru tana haɗa Bunaji da shanun madara na Turai. A Kano ma akwai cibiyar barbarar zamani a Kadawa, wadda shirin bunƙasa noma da kiwo na jiha, KSADP, mai samun tallafin Bankin Musulunci, ya ba muhimmanci. Babu mai musun cewa 'yar farko da aka samu daga wannan haɗi tana ninka uwarta madara idan ta samu ci da sha da inuwa.

Sai dai ilimin gadon halitta ya tabbatar da abu biyu. Ƙarfin da ake gani a haihuwar farko yana raguwa idan aka ci gaba da haɗa 'yan ruwa biyu da junansu. Kuma idan jinin waje ya yi rinjaye, juriyar zafi da cuta takan tafi. Ma'ana, ko mai son 'yan ruwa biyu ba zai wadatu daga tsantsar Bunaji ba, domin ita ce uwar da ake komawa gare ta kowane zagaye. Ranar da aka wayi gari babu tsantsar, to babu abin da za a haɗa.

Inda laifin yake: cin iri

Binciken da cibiyar nazarin dabbobi ta Afirka, ILCA, ta yi a garkunan Fulani na kudancin Kaduna tun daga ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa karsanar Bunaji takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, sannan ta riƙa haihuwa kusan sau ɗaya a shekara biyu. Wannan jinkiri shi ne babban abin da ake kushe ta da shi. Amma binciken ya danganta mafi yawansa da yunwar rani, domin shanun da aka ƙara wa abinci mai gina jiki sun fi haihuwa, maruƙansu kuma sun fi rayuwa. Dabbar da ke ƙiba da damina ta zube da bazara, rabin shekararta a biyan bashin jiki take ƙarewa.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan zurfi. Ɗan bijimin da ya fi saurin girma da kyan ƙira shi ne ya fi tsada, don haka shi ake fara fitarwa idan bukata ta taso. Daga kara sai turke, daga turke sai mahauta. Wanda ya rage a garke yana barbara sau da yawa shi ne wanda kasuwa ta raina. Babu manomin da zai cinye zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye ƙanƙamammiya don shuka, amma abin da muke yi wa shanu ke nan shekara da shekaru. Fulanin da suka gaji kiwo sun san asalin kowace saniya ta wajen uwa har kaka da kakanni, suna kuma zaɓen bijimin garke da idon basira. Matsin rayuwa da watsewar manyan garkuna suna raunana wannan ilimi, ba a kuma samar da rubutaccen tsari da zai tallafe shi ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu, kuma ƙashin bayan garkenta shi ne Nelore, farin sa mai tozo da asalinsa daga Indiya aka kai shi. Ba da jinin Turai aka ɗaga shi ba. Awo da rubutu da zaɓen iri na tsawon shekaru ne suka mayar da shi abin da ya zama. A Kenya, masu kiwo sun ɗauki shanun Boran na makiyayan kudancin Habasha da arewacin Kenya, suka kafa ƙungiyar masu kiwonsu a 1951, suka inganta su har irinsu ya kai Ostireliya da Afirka ta Kudu. A maƙwabciyarmu Nijar, tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta daɗe tana tace irin Azawak. Ƙasashen duniya ma, a taron da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a Interlaken a 2007, sun amince da shirin kare irin dabbobin gida, saboda ganin yadda suke salwanta. Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne, an fara da dabbar da ƙasa ta riga ta karɓa, sannan aka gina a kanta.

Abin da ya kamata a yi

Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 dama ce, amma aikin daga ƙasa zai fara. Da farko, a samar da garken tsantsar Bunaji da ake auna nauyin maruƙansa da madarar iyayensu a rubuce, a riƙa fitar da zaɓaɓɓun bijimai zuwa ƙauyuka, cibiyoyin barbarar zamani kuma su ajiye irin Bunaji da na Bokolo kamar yadda suke ajiye na waje. Na biyu, a sa sikeli a kasuwannin shanu irin ta Getso, domin a sayi nauyi a bar sayen kwarjini. Na uku, masu shanu a gari ɗaya su haɗa kai su riƙe bijimi guda nagari wanda ba za a sayar ba sai ya bar baya, a dandaƙe marasa kyau a tura su huɗa da turka. Na huɗu, a ɗauki tanadin abincin rani da muhimmancin da ake ba rumbun hatsi: harawar wake da ta gyaɗa a adana su a inuwa, kara a daddatse shi, a kuma kare sauran burtalin da ya rage.

Kammalawa

Wannan nazari bai ce Bokolo ba shi da kyau ba. Ga mai turkar wata huɗu, zaɓinsa daidai ne. Bai kuma ce a rufe ƙofa ga jinin waje ba, domin mai gidan madara da ke da ruwa da abinci da likita zai ci riba. Abin da ya nuna shi ne, yawancin mutanen Unguwar Tudu da kewayenta ba turka kaɗai suke yi ba, ba kuma madara kaɗai ba. Manoma ne masu bukatar dabbar da za ta huɗe gona da damina, ta ja amalanke da rani, ta ba da taki duk shekara, ta rayu a kan abin da gonar ta bari, sannan a ƙarshe ta biya kuɗin aure ko na asibiti. Ga mai wannan bukata, har yanzu ba a kawo wadda ta fi Bunaji ba. Abin da take nema a wurinmu bai wuce abin da muke yi wa dawa da gero ba: a ware mafi kyau tun a kaka, a hana shi shiga tukunya, domin a samu abin shukawa baɗi.